Yadda Baba Ya Sauka Daga Kujerar Sallah

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, amma har yau in na ji ƙarar keken ɗinki da hantsi sai zuciyata ta ce mini yana shago. Tela ne. Ya baro Bida yana saurayi, ya kafa kekensa a Maitumbi, cikin Minna, tun unguwar rabinta gonaki ne, ya zauna a kansa shekara talatin. Zaman ya ba shi suna, ya ba shi abin ciyar da mu, ya kuma ba shi tumbi. Ba wanda ya ga aibu. In ya fito cikin babbar riga, mata sukan ce wa Nna, mahaifiyarmu, "Lallai kin iya kiwo." Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ina aji huɗu na sakandare jikinsa ya fara gazawa. Ruku'u da ƙyar. In ya yi sujada numfashi ya ɗauke, tashi kuma sai an kama shi. Likita ya ce kitse ne ya yi yawa. Aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Bai taɓa yi mana ƙorafi ba, amma na lura mutumin da yake riga ladan zuwa masallaci ya koma sai an tayar da sallah yake shiga.

Da yunwa ya fara. Sati biyu yana shan ruwan zafi da ɗan gayan tuwo kawai, har jiri ya kusa kayar da shi a kan ɗinkin mutane. Ya koma tafiya zalla, sai ya riƙa dawowa da yunwar da take sa shi cinye wainar masa goma a zama ɗaya. Maƙwabcinmu Malam Yohanna, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya, yana ta kallo ta kan katanga. Abokin tsokanar Baba ne tun kafin a haife ni.

"Tela, wannan cikin wata nawa ne? Mu fara shirin suna?"

"Ticha, in ba ka da magani ka bar ni da ciwona."

Ashe yana da shi. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a ɗaga nauyi don tsoka ta tsaya, a yi tafiya har gumi ya fito, a gyara kwano ba tare da an kife shi ba, kuma duka ukun a tare. Ƙarfen ɗagawa babu. Baba ya jawo kan wani tsohon keken ɗinki daga ƙarƙashin tebur, baƙi, mai nauyin jaraba. Kwana uku a sati yakan rungume shi a ƙirji, ya zauna a benci ya miƙe, ya zauna ya miƙe, Ticha yana ƙirga masa yana zolaya. Bayan asuba su kama hanyar bayan gari. Da farko iyakarsu wata bishiyar mangwaro da ake hangowa daga ƙofarmu. Sannu ba ta hana zuwa.

Yau Minna ta samu wuraren motsa jiki masu madubi daga sama har ƙasa. Mutum ya hau Napep daga ƙofar gidansa, ya je ya yi tafiya a kan na'ura, ya sake hawa Napep ya dawo. Nakan yi tunanin dariyar da Baba zai yi. Ba na jin zai raina su, shi da yake girmama duk mai gumi. Ni ce dai da zan sha kunya. Bara, ana saura sati uku bikin ƙawata, na sayi shayin nan da ake cewa yana narkar da kitse. Ina jiƙa shi na ji kamar muryarsa: Hauwa, rigar da aka ɗinka da gaggawa a wurin biki take farkewa.

Kwano shi ne ya fi wuya, domin kwanon a hannun Nna yake. Shekarun nan ne da in magidanci ya ɗan rame ake fara raɗa ana kiran sunan ciwon zamani, ana kallon matarsa ta gefen ido. Wata har gida ta zo yi wa Nna jaje. Sai Nna ta shiga ƙara manja a miya, malmalar sakwara kuma ta koma biyu a jikin ɗaya. Ba mugunta ba ce. Mutuncinta take karewa da abin da ta iya.

Wata rana ya ɗaga malmalar ya auna ta a tafinsa, kamar yadda yake auna yadi. Ina wurin.

"Malam, mutane suna magana," in ji Nna.

"Na ji su. Ni dai so nake goshina ya taɓa ƙasa da kansa, kafin a kwantar da ni a cikinta."

Ta ɗauki kwanon ta koma madafi. Daga ranar malmala ta zama ɗaya ta gaskiya, alayyafo da wake da kifi suka cike gurbin, sukarin shayi ya sauko daga cokali huɗu zuwa ɗaya, lemon kwalba ya zama na baƙi.

Duk da haka ya kusa bari. Bayan wata biyu ya hau sikelin wani kemis, allurar ta motsa ɗan kaɗan kamar mai jin kunya. Ya dawo ya tura kan keken ƙarƙashin tebur. Ticha ya ce, "Kai da kake auna mutanen gari, ina tef ɗinka? Sikeli bai san kitse da tsoka ba." Nna ce ta zagaya tef ɗin a ƙugunsa, ta duba, ta sake dubawa. A ranar Baba ya rage wandonsa na farko, yana taka keke yana waƙa da Nufanci.

Sai da shekara ta kusa zagayowa. Wata Magariba, bayan ya dawo masallaci, ya shimfiɗa darduma a tsakar gida zai yi nafila, ya ture kujera da ƙafa. Muka zuba masa ido. Ya yi ruku'u, ya sauka a hankali, ya kai goshi ƙasa. Ya daɗe. Ya daɗe har Nna ta ajiye ludayi ta matso, hannunta a ƙirji. Da ya sallame ya ga idanunmu, sai ya ce, "Wanda ya daɗe bai zo gida ba, ai gaisuwarsa doguwa ce."

Shekara huɗu ya ƙara bayan nan. Zazzaɓin kwana biyar ne ya tafi da shi, wanda bai tambayi ƙiba ko rama ba. Akwai masu ce mana, to ina amfanin wahalar? Na daɗe ina juya tambayar. Ƙarfe da tafiya da kwano ba su ƙara masa kwana ɗaya a kan abin da aka rubuta ba, shi ma bai nema ba. Shagon yanzu na mai cajin waya ne, rigunan da ya ɗinka sun koɗe, waɗanda suka yi raɗar ma sun manta sun yi. Abin da ya rage mini shi ne maganar ƙaninsa, wanda ya yi masa wanka. Ya fito yana share ido, ya ce da Nna, "Yaya, akwai tabon sujada a goshinsa, sabo."

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya sa ƙasar ta gane goshin.