Ranar da Kawu Stanimir Ya Buɗe Jiƙaƙƙen Fili

A garinmu na bakin kogin Tisa, duk wanda ya taɓa riƙe sandar tanis ya san tsawar Stanimir Kovrlija. Shekara talatin da huɗu ke nan yana kula da filaye uku na jar ƙasa a kulob ɗin garin, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a taka fili in ya jiƙe. Ya taɓa korar wani babban likita da tiyon ruwa a gaban matarsa. Ko ɗan da shi Stanimir ya haifa bai tsira ba. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi.

Bai taɓa buga wasan ba, ko sau ɗaya. Tun yana ɗan shekara sha bakwai yake gaban wuta a masana'antar bulo, da aka rufe ta kuma sai kulob ya ɗauke shi, domin jar ƙasar tanis garin bulo ce da ake niƙawa a shimfiɗa a kan tsakuwa, a jiƙa, a daɓe da gangar ƙarfe. Stanimir kan murza garin tsakanin yatsu biyu ya faɗa maka ko bulon ya gasu. Kullum da sassafe yakan cire takalmi ya zaga filayen da ƙafa, wai takalmi ba ya jin komai.

Yana da wata ɗabi'a da aka daɗe ana yi masa dariya a kanta. Duk watan Agusta yakan loda buhu arba'in na garin bulo a baro, ya kai su saman tandar Imre mai burodi, inda ɗumi ba ya yankewa. A nan suke zama har gasar Satumba ta wuce, sannan ya kwaso abinsa.

“Burodina ya fara ɗanɗanon bango,” in ji Imre duk shekara.

“Ya samu ci gaba ke nan,” in ji Stanimir.

Gasar tamu ta ƙwararrun maza ce, amma ta ajin can ƙasa, wadda ba a nunawa a talabijin. Zakara yana ɗaukar dala dubu biyu da ɗari biyu, na biyu kuma dubu ɗaya da ɗari uku. Masu zuwa mutane ne da ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa da jaka ɗaya, su huɗu a ɗaki, suna wanke rigunansu da hannu. A wurinsu tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ita ce man mota da abincin wata guda.

A shekarar da nake ba da labari, mutum biyu suka kai wasan ƙarshe. Ɗaya Vidak Lazin ne daga kudu, ɗan shekara ashirin da ɗaya, mai bugu kamar harbin bindiga. Ɗayan Tudor Vlaicu ne, ɗan Romaniya mai shekara talatin da ɗaya, wanda ke kwana a tsohuwar motarsa bayan fili na uku. Milunka, matar Stanimir, ce ke aika masa da dafaffen wake da burodi. Sau shida Tudor yana kaiwa wasan ƙarshe a rayuwarsa, bai taɓa ɗaga kofi ba. Ya gaya wa Stanimir cewa in bai ci wannan ba, zai koma gida ya kama aiki a shagon tayoyin surukinsa.

Ranar Lahadi ruwa ya sauko tun asuba, bai ɗauke ba sai ƙarfe ɗaya na rana. Alƙalin gasa, wani dogon mutum daga Slovakiya, ya tara mu a rumfa ya karanta ƙa'ida. Kulob ba shi da fitilu, 'yan wasa kuma suna da wata gasar washegari a wata ƙasa. In ba a fara ba zuwa ƙarfe huɗu, an soke wasan, babu zakara, kowannensu ya karɓi kuɗin na biyu.

Stanimir ya cire takalmi ya shiga babban fili shi kaɗai. Ina kallonsa daga rumfa. Ya taka tsakiya, ya taka bayan layi, ya tsaya a kusurwar da ke kusa da bishiyar goro ta Turai, inda ruwa ke kwanciya. Da ya fito sai ya yi bayani a taƙaice. Ana iya busar da saman, amma ƙasan ya yi laushi. Ƙarti biyu suna gudu suna zamewa a kai awa biyu ko uku, za su yage shi har tsakuwa, sai an ɗaye filin gaba ɗaya an sake shimfiɗawa. Aikin wata biyu ne, ga shi yana da shekara sittin da shida, bayansa kuma ba na da ba ne.

“Kwana biyu filin yake so,” in ji shi.

Borislav, shugaban kulob, ya buɗe hannuwa. “To, kun ji. Kawu ya yanke. Ni ban isa in yi musu da wanda ya kori likita ba.”

Ba wanda ya ga laifinsa. Mutane suka fara naɗe lemarsu. Stanimir ya zauna a bakin ɗakin kayan aiki yana goge ƙafa da tsumma, sai ga Tudor da kwano a hannu.

“Kawu, ga kwanon Inna Milunka. Na wanke. A gaishe ta.”

“Ina za ka?”

“Gida. Tayoyi suna jirana.”

“In da an buga, za ka ci?”

Tudor ya yi dariya. “Ka ga bugun yaron nan kuwa? Jiya ya kusa kashe mai duba layi.”

“To me kake so da wasan?”

“Ba komai, Kawu. Da dai na so in san wanda ya sallame ni, mutum ne ko ruwan sama.”

Ya ajiye kwanon ya juya. Stanimir ya daɗe yana kallon filin. Sannan ya miƙe ya ƙwala wa Borislav kira, ya ce a buga wa Imre waya ya kawo buhunan duka.

Abin da ya biyo baya na gan shi da idona. Aka ciro katifun soso daga ɗakin canza kaya, aka shimfiɗa su a kan ruwan, mutane suna takawa a hankali inda Stanimir ya nuna, ana ɗaukowa ana matsewa a bokiti. Da malamin makaranta, da mai kantin magani, da tsofaffin matan da suka zo kallo, kowa ya naɗe hannun riga. Vidak da Tudor suna matse katifa ɗaya. Can sai ga motar burodi ta shigo da baya.

“Shekara ashirin ina gadin ƙasar nan kyauta,” in ji Imre yana sauke buhu. “Yau za a ci ta, ko miya ake jira?”

“Sauke ka yi shiru, mai ƙona gari.”

Garin da ɗuminsa ya iso. Stanimir yana watsa shi da shebur, siriri siriri, garin yana shan ruwan yana yin duhu, a kwashe a sake watsa sabo. Buhu talatin da takwas aka juye. Aka ja gangar ƙarfe sau huɗu, aka share layuka. Huɗu saura minti goma ya sake zagawa da ƙafa, ya zo gaban alƙali.

“Zai ɗauki awa uku. Bayan nan kada a neme ni.”

Wasan ya ɗauki awa biyu da minti arba'in. Stanimir bai kalli ƙwallo ba, ƙafafun 'yan wasan yake kallo. Duk zamewar da aka yi sai ya runtse ido. A kowane hutu yakan shiga da sauran garin ya cike ramuka. Tudor ya ci zagayen farko, Vidak ya rama, a na uku kuma ƙafafun ɗan shekara talatin da ɗaya suka gaji. Vidak ya ɗaga kofi rana tana gab da faɗuwa. Tudor ya karɓi dala dubu ɗaya da ɗari uku, daidai abin da zai samu in da an soke wasan.

A bayan layukan ƙarshen fili guda biyu, wurin ya koma kamar gonar da aka yi wa huɗa, tsakuwa a waje.

“Ka kashe filinka a banza, Kawu,” in ji Borislav. “Mutumin naka ma bai ci ba.”

“Wani ya ci,” in ji Stanimir. “Shi ya sa aka sa kuɗin.”

Vidak ya zo da ambulan ɗin kuɗinsa a buɗe yana ƙoƙarin zaro wani abu. Stanimir ya ture hannunsa. “Mayar aljihu, ɗana. Mai ya yi tsada.”

Washegari da safe motar Tudor tana nan bayan fili na uku. Tudor ya fito ya ɗauki shebur. Kwana tara ya yi yana ɗaye ƙasa yana jan gangar ƙarfe, Milunka tana aiko da wake, kafin ya kama hanyar shagon tayoyi. Stanimir ya ƙarasa sauran shi kaɗai, da ɗamara a kugu, ya gama a makon farko na Nuwamba.

Da bazara ta zagayo aka yi yayyafi, Borislav ya sa ƙafa ɗaya a sabon filin yana cewa ai bara an taka. Har bakin ƙofa tiyon Stanimir ya raka shi. A watan Agusta kuma Imre ya ƙirga buhunan da baro ya kawo, ya tarar sun zama hamsin.