Jirin da ya kada ni a kasuwar albasa

Salamu alaikum 'yan uwa da abokai. Rabona da rubutu a nan tun kafin a cire albasar bara. Wasu sun ce na tafi Abijan, wasu sun ce na karye. Ba ko ɗaya. Kwanciya na yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Mamman, ɗan Azarori, dillalin albasa a Madawa. In kaya suka fito ba ni da lokacin kaina. Kamyo, babbar motar kaya, na jira, manoma na kira, masu saye na kira. Abincina shayi mai ɗaci da goro, sai tsire a tsaye.

Da ciwon ƙeya abin ya fara. Sai jiri. Sai in riƙa jin bugun zuciyata har cikin kunne.

Ban kawo ciwo a raina ba. Cewa na yi an sa mini hannu, don shekarar kasuwa ta buɗe mini, kuma na san idanu na kaina.

Wanda na fara zargi Ila ne, abokin cinikina, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara. Kullum da hantsi yakan kawo mini fura daga gidansa. Sai na koma karɓa ina zubarwa bayan rumfa. In ya ce, "Mamman, tahi ka huta, ni in tsaya ma lodin," sai in ce a zuci, wato so yake ya saba da masu sayena.

Matata Hadiza ma ba ta tsira ba. Ta ce idona ya yi ja, in je a gwada ni. Na ce mata, "Wa ya aiko ki?" Ta dube ni kawai ta fita.

Na je wajen wani mai magani a wani ƙauye. Kafin in gama bayani ya ce, "Na kusa da kai ne." Abin da nake son ji ke nan. Na baro masa rago, na dawo da turare da jiƙo. Jirin bai ragu ba, zargin ne ya ƙaru.

Wata ranar kasuwa ina tsaye ana loda kamyo, sai wayata ta suɓuce daga hannuna. Na duƙa in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in yi kira, harshe ya yi nauyi.

Ila ne ya ɗora ni a moto, ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa don kada in faɗi. Wallahi har a lokacin tunanina shi ne ina zai kai ni.

Gidan likita ya kai ni.

Lokotoro ya gwada tansiyona, wato awon hawan jini, ya sake gwadawa a ɗayan hannun. Ya ce, "Malam, da wannan kake yawo cikin rana?" Aka ba ni gado. Aka ɗebi jini, aka duba suga da ƙoda. Kullum da safe gwaji, allura, sai sabuwar ordonansi, takardar sayen magani. Tumakin da Hadiza ta turke duka a farmasi suka ƙare.

A gadon kusa da ni akwai wani dattijo daga Keita, rabin jikinsa ya mutu, ɗiyarsa ke ba shi kunu da cokali yana zubowa ta gefen baki. Shi nake kallo in ce a raina, saura ƙiris da ni ma haka nake.

Da bakina ya saki, na jawo lokotoro na tambaye shi a hankali ko gwajin ya nuna an ba ni wani abu a abinci. Ya ce, "Ba mu ga komai ba sai hawan jini. Yaushe rabonka da barcin da ya ishe ka? Yaushe rabonka da cin tuwo a zaune?"

Ila na bakin ƙofa, ashe ya ji. Ya ce, "Lokotoro, hura ɗai ad da shi, ita ma zubda ta shikai. Kajin mai rumfa dut sun yi ƙiba."

Na ce, "Ka sani, kuma kana kawowa?"

Ya ce, "To in bari ka mutu da yunwa?"

Na juya fuskata bango.

Da za a sallame ni, ƙwaya aka rubuta mini ta kullum. Sauran duk magana ce: rage gishiri da shayi, bar goro, yi tafiya a ƙasa, yi barci. Lokotoron ma ban yarda da shi ba. Na ce a raina, wane irin magani ne wannan da ba a saye?

Amma tsoro ya sa na bi. Na koma Azarori, Ila ya riƙe mini kasuwa. In an sallame asuba sai in taka har fadama in dawo. Hadiza ta riƙa yi mini kwaɗon zogale da miya marar gishiri, ina ci ina ƙorafi. In an aza akushi, ita ke riƙe wayar. Da farko kowane lodi sai na kira na bi diddigi. Ban taɓa kama Ila da komai ba, har na gaji na bari.

Wata safiya a hanyar fadama na tsaya kallon wasu manoma suna ja-in-ja da jakin da ya ƙi tafiya, sai na ji ina dariya ni kaɗai. Ba ƙeya, ba jiri, ba wanda nake nazari a kansa. Na daɗe ban ji daɗin rai irin wannan ba.

Yanzu na koma kasuwa, amma da azahar nake tashi. Ƙaramin yatsana har yau bai gama dawowa ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa ma'aikatan da suka kula da ni, da Hadiza, da Ila. Allah Ya saka musu da alheri.

Ku kuma, in ƙeya na sara ko jiri na ɗibarku, ku fara zuwa a gwada tansiyo kafin ku fara lissafin maƙiya. In an ɗora ku kan ƙwaya, kada ku bari don kun ji sauƙi. Ku zauna ku ci abinci. Kamyon da kuke gudun ya tafi, ran da na faɗi ma an gama lodinsa ya kama hanya ba tare da ni ba.