Balki Mai Kashe Attajirai a Takarda

Balki 'yar Damagaram ce. Shekarar da fari ya cinye gonakinsu, ita da mijinta Shu'aibu suka hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Yamai, suka kama ɗaki a unguwar Lamorde. Shi ya samu tuƙin motar hatsin agaji. Ita kuwa da yake ta yi lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ta buga takardu a wani biro, wato ofishi, na gwamnati.

Aikin ba yawa. In manya sun fita cin abinci, sai ta zura takarda a keken rubutu ta shiga buga labari da Hausa: attajirin da aka binne a Agadas ya dawo ya tarar da wani yana amsa sunansa, an zuba guba a shayi ana zargin kuku, gawa ta ɓace daga rijiya. Ranar Asabar ta ƙetare gada zuwa kasuwar Petit Marché, ta zauna rumfar ƙawarta Raliya mai kayan yaji ta karanta. Masu tumatir da mahauta sukan bar ciniki su matso. Daidai inda zuciya ta tsinke take naɗe takardarta.

Lokacin mulkin soja ne, taro kowane iri abin sa ido ne. Wata safiya laftanan da ke kula da bironsu ya sa aka kira ta. Ta shiga ta tsaya gabansa.

"Madam, ke ce ke kashe attajirai a kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, na takarda ne."

Ya dube ta, sannan ya rage murya. "Innarmu tana zuwa sauraronki, ta hana ni sakat. Wai kukun ne ya zuba gubar?"

Balki ta ce, "Sai Asabar, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ce ta dai riƙa sayen takardarta, ta bar ta gwamnati.

Ba a taɓa buga mata littafi ba. Wani malamin jami'a, maƙwabcinsu, ya ce labaranta jini ya yi yawa, kuma matattu sun cika dawowa. Ta ce gaskiyarsa, ta zuba masa fura. Da ta bar aiki, Shu'aibu ya samo mata tsohon keken rubutu wanda harafi guda ya karye. Tana zama gindin bishiyar bedi a tsakar gida tana bugawa, inda harafin ya ƙi fita ta cike da alƙalami.