Yadda Tankar Yaƙi Ta Kai Ni Suna Sarandosa

Shekarun baya, lokacin furfurata ba ta wuce ƙwaya bakwai ba, wani wasan waya ya shigo mana Jega ya hana manyan mutane sakat. Wasan mutanen ƙarfe ne masu harbin juna. Abin da ya tafi da hankalinmu shi ne rikiɗarsu. Kana ganin ƙaton ƙarfe tsaye da bindiga, ka danna wuri guda, sai ya naɗe kansa ya koma tankar yaƙi. Wani ya koma jirgin sama, wani babur. Ni da nake sayen albasa a Aliero ina lodawa kudu, ga iyali ga tumbi, sai ga ni zaune kan buhu ina ihu wai an harbe mini ƙafa.

Muna da zaure a waya, mu wajen arba'in: direbobi, mahauta, 'yan kasuwa. Gaskiya mun fi yin gardama a kan wasan fiye da buga shi. Kuma al'adar zauren ita ce saƙon murya, don yawancinmu rubutu wahala yake ba mu. A nan na yi sarauta. Ni ne mai sharhi. In na fara bayanin dalilin da ya sa tanka ta fi kowane ƙarfe, wani direba ya rantse yana kunna saƙona a tashar Jega, ya kai Maiyama ban gama gaisuwa ba. Ra'ayina ɗaya ne: babba shi ne babba. Haka nake zaɓen albasa, haka nake zaɓen ƙarfe.

To, ina da aboki a Danwarai, manomin albasa. Tun muna yara muke tare, shi yake nomawa ni nake saye. Mutum ne da in ya yi magana biyar a yini, iyalinsa sai su tambaye shi ko lafiya. Da hannuna na sa masa wasan nan a waya, na nuna masa inda ake dannawa, na sa shi cikin zaure. Da ya tashi zaɓe, sai ya ɗauki ɗan ƙaramin nan mai komawa babur. Na yi dariya har na ƙware. Na ce, "Kai, wanga abu kamar sauro, mi za ka yi da shi?" Ya ce, "Bari mu gani."

Muka gani kuwa. Wata biyu bai ce uffan a zaure ba. Rannan na gama wani dogon sharhi a kan tanka, sai ga saƙonsa, gajere kamar atishawa. Ya ce, "Tanka na da ƙarfi, awo. Amma kafin ta gama rikiɗa na zagaya ta sau biyu. Alhaji, kai da ka san albasa, in an ajiye ta cikin rumbu, manyan ka fara ruɓewa ko matsakaita?" Zaure ya kaure da dariya. Wani mahauci ya turo saƙo babu komai ciki sai tafi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce yana ganin waɗanda suka ƙera wasan za su rage wa tanka ƙarfi, don ta yi yawa a fili. Na ce in haka ta faru in ci hulata. Sati uku aka yi sabon gyara, aka ƙara wa tanka nauyi, rikiɗarta ta koma kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Daga ranar aka fara ce masa Malam. "Malam, wace bindiga ta fi?" "Malam, mi ka gani game da jirgin nan?" Ni kuwa in na tura sharhi, sai in ga mutum uku suka saurara, kuma ina zargin ɗaya daga ciki ni ne.

Jama'a, kishi ba shi da kunya. Na rame a zuci, ko da yake tumbina bai samu labari ba. In na ji an ce Malam, sai tuwo ya tsaya mini a wuya. Uwargida ta tambaye ni ko kasuwa ce ta faɗi. Ina zan iya ce mata babur ɗin ƙarfe ne?

Sai shaiɗan ya tuna mini da wata tsohuwar waya da ke cikin akwati. Na sa mata sabon layi, na shigar da ita zaure a matsayin baƙo, na raɗa masa Ɗan Sarandosa. Na zaɓi Sarandosa, wani gari a yankin Maiyama, don na bincika, babu mai dangi can a cikinmu. Baƙon nan ba ya saƙon murya, wai wayarsa ba ta ɗaukar magana, sai rubutu. Kuma aikinsa biyu ne a duniya: yabon Alhaji da zagin babur. "Wallahi sharhin Alhaji ya fi na kowa." "Masu babur matsorata ne, sai gudu." Ni kuma in amsa da wayata ta gaske, cikin tawali'u, in ce, "Haba ɗan'uwa, a yi haƙuri, kowa da ra'ayinsa." Na yi wata guda ina yabon kaina ina kuma hana kaina.

Ranar da ƙarya ta fara tsami, mahaucin nan ne ya kawo shawara. Ya ce tunda Alhaji da Ɗan Sarandosa sun yarda da tanka, to Juma'a bayan la'asar su biyu su haɗu su kara da Malam shi kaɗai, a huta da gardama. Kowa ya ce madalla. Na dubi hannuwana, biyu ne kacal, kuma waya ɗaya ma da ƙyar suke riƙe ta. Ranar Juma'a da hantsi sai Ɗan Sarandosa ya rubuto: "A yi mini uzuri, maiɗakina ta sauka yau da asuba, an samu ɗa namiji."

Na ɗauka na tsira. Na manta da mutanen da nake zaune da su. Kafin azahar barka ta cika zaure. Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya, Allah ya sa mahaddaci ne. Sai abokina, mutumin da baƙon nan ya yi wata guda yana zagi, ya ce, "Suna Juma'a mai zuwa ke nan. Ya kamata a tahi." Nan take aka fara haɗa kaya. Wani ya kawo sabulu, wani turmin atamfa, abokina ya ce zai sa rabin buhun albasa. Ɗan Sarandosa ya rubuto cewa kada a wahala, hanya ba kyau. Aka ce ai zumunci ba ya duba hanya. Ya ce gidan yana da wuyar ganewa. Aka ce gidan suna ba ya ɓata. Da aka zo wanda zai wakilci zaure, baki ɗaya aka ce Malam mai babur, da Alhaji, tunda mutuminsa ne.

Ranar suna, gari na wayewa abokina ya iso ƙofar gidana a Sabon Gari a kan babur ɗinsa. Na ce cikina na murɗa. Ya ce, "Hau, iska za ta gyara shi." Na sa tsohuwar wayar a aljihu a kashe, da niyyar in mun tsaya a hanya in rubuta cewa an mayar da suna garin surukai. Amma ya ɗora mini buhun albasa a cinya, ledar kaya a hannu, kuma bawan Allahn nan bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin hanyar Maiyama ta yi gajarta irin ta ranar ba.

Muka shiga Sarandosa. Babu tabarmi a ƙofar kowa, babu rago, babu hayaƙi. Muka tarar da wani dattijo yana gyaran igiya a gindin bishiya, muka gaisa. Abokina ya ce, "Baba, ina gidan da ake suna yau?" Dattijo ya ce, "Suna? Yau dai babu. Akwai wadda ta haihu shekaranjiya can bayan masallaci, sai kuma akuyata, ita ma ba mu sa rana ba." Abokina ya kira layin Ɗan Sarandosa, a kashe. Ya sake kira. Na tsaya ina kallon sama kamar mai neman hadari.

Ya jingine babur ya zauna kan saiwar bishiya. Na ce, "To mu koma, wataƙila mutumin banza ne. Kai ma mi ya kai ka, mutum yana zaginka kana kawo mishi albasa?"

Sai ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa. Ya ce, "Ba don shi na zo ba. Tun da aka fara ce mini Malam na ga ka canza. Ka daina kirana, in na kira ka ce kana lodi. Na rasa yadda zan yi. Sai ga wanga mutum, shi kaɗai ka sa ka dariya a zaure. Na ce bari in zo in gode mishi, in roƙe shi kada ya bar zauren. In zagina ne ke sa ka walwala, ya ci gaba."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, har da buhun. Na sa hannu a aljihu na fiddo wayar, na kunna ta. Ta ɗauki shekara kafin ta kawo haske. Na ce, "Sake kira." Ya dube ni, ya dubi wayar, ya danna. Ta fara kuka a tafin hannuna, har dattijon ya ɗago kai.

Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Kayan nan amanar mutane ne, an ce a kai gidan haihuwa. Ɗauki." Ya hana ni ɗora buhun a babur. A kaina na ɗauke shi, da babbar rigata ta Juma'a, muka ratsa gari har bayan masallaci. Maigidan ya fito yana mamaki, bai san mu ba, yana ta godiya yana tambayar daga ina. Abokina ya ce, "Daga 'yan'uwa." Da muka fito ya tura wa zaure saƙo a gabana: "Mun zo Sarandosa, mun kai kaya gidan haihuwa, an gode. Ɗan Sarandosa kuma ya bar wasa daga yau." Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu.

Ya sauke ni a gida ya wuce. Kwana goma sha tara bai kira ni ba, na kira bai ɗauka ba. A kwanakin nan ko wasan ban buɗe ba. Na gane cewa zauren mutum arba'in da nake ta haƙilo a kansa, in aka ce in zaɓa, ba zan ba da mutumin nan ɗaya a kansu ba. Rana ta ashirin ina rumfa a Aliero waya ta yi ƙara. Na ɗauka, abokina ne. Ya ce, "Angon ƙarni, albasa ta bushe. Za ka zo ka gani, ko in nemi mai saye daga Sarandosa?"

Yanzu wasan ya daɗe da fita daga wayoyinmu, zauren ma ya koma na sanarwar biki da ta'aziyya. Abin da ya rage mini shi ne na san kishina, na san kamanninsa. In na ji an yabi wani na ji tuwo ya fara tsaya mini, sai in tuna nauyin buhun nan a kaina, in yi maza in ce madalla da ƙarfi. Har gobe ina nan a kan cewa tanka ta fi babur, wannan ba zan janye ba ko a gaban alƙali. Abokina kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ni ne Ɗan Sarandosa ba, yau ma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta. Ya ce in rubuta, amma in gaya muku yaron nan na bayan masallaci ya shiga makaranta bana, kuma duk shekara in an kwashe albasa muna kai musu rabin buhu. Shi ke tuƙi. Ni ke ɗauka a kai.