Mai Jiran Lamba Biyu

Yau kwana goma sha tara ke nan dattijon yana zuwa shagon intanet ɗin Furera a Ƙofar Kwaya, tana ƙirge. Dogo ne, da burbushin alli a hannun riga, ƙila malamin firamare ne. Ba ya taɓa kwamfuta. Furera ke buɗe masa shafin wani dutse a Turai, inda ake auna haɗarin zabtarewar dusar ƙanƙara daga ɗaya zuwa biyar.

"Ɗiyata, yau nawa?"

"Huɗu, Baba. Jiya ma dusar ta ƙara tudu kamu biyu."

A can ɗansa Sagir, ɗalibi, ya bi abokai wasan zamiya, gangaren ya rufta da su. Masu ceto sun ce sai lambar ta sauko biyu za su hau tono.

A hammatar dattijon akwai farin yadi cikin leda, har bakin ninkin ya yi dauɗa.

"Ƙanƙarar Babbar Kasuwa kafin azahar ta zama ruwa," in ji shi. "Su ba su da rana ne?"

Furera tana kallon hasashen kwana bakwai masu zuwa, duk huɗu ne. Ba ta faɗa masa ba. Ya gyara riƙon ledar.

"To, sai gobe."