Kawu Kafinta da Akurkin da Ya Bari Ba Ƙofa

Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina durƙushe ina canza wa 'yan tsaki ruwa, maigidana ya shigo ya tsaya a kaina. Da ƙyar ya iya cewa, "Kawu ya rasu." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kwana huɗu kacal ka yi a kwance, Kawu, ka tafi kamar yadda kake tashi daga aiki, ba hayaniya.

Ga wanda bai san shi ba, yayan surukata ne, kafinta, shagonsa na jikin katangar gidanmu. Na zauna ne in rubuta kuka, amma duk abin da na tuna game da kai sai in tsinci kaina ina dariya. Ka yafe mini, kai ka saba mana da haka.

Ina da wata biyar da aure na sayi 'yan tsaki ashirin. A gidan an riga an yanke mini hukunci: amarya ba ta iya komai ba sai karanta littattafan soyayya. Ni kuwa ina son in riƙe wani abu da za a ce hannuna ne ya yi shi. Na zuba su a kwali, na rataya musu ƙwan fitila. Washegari na tarar da tara sun mutu a cunkushe a lungu ɗaya, sauran suka bi su kafin mako ya zagayo. Surukata kuwa littafin da ke kan kujerata kawai ta kalla. Maigida ya ce zai bar ni in sake gwadawa sau ɗaya, in waɗannan ma suka mutu, tsako ya bar shigowa gidan nan.

A ranar na zo maka da zanen akurki a takarda: bene hawa biyu, tagogin gilas, har da labule, irin gidajen da nake karantawa. Ka juya takardar sama da ƙasa, ka ce, "Amarya, kajin ne za su shiga nan, ko ni da Innarku za mu koma? Tagar gilas kuma? So kike ki gasa su tun ba su yi nama ba?" Sannan ka ce in kawo maka kwalin da suka mutu a ciki. Ka sa yatsa a kusurwarsa, ka ce, "Ba littafi ne ya kashe su ba, lungu ne. Tsako in ya ji sanyi ko ya firgita, lungu yake nema, na baya ya hau na gaba." Kawu, mako guda ina ɗauke da laifin nan a ƙirjina, da magana ɗaya ka sauke mini shi.

Ka lanƙwasa siririn katako ka yi musu ɗakin reno zagayayye, ba kusurwa ko ɗaya. Ka shimfiɗa garin katako daga shagonka, ka zuba tsakuwa a mazubin ruwa don kada su faɗa su jiƙe. Fitilar ka rataya ta da sarƙa, ka ce kowane mako in ɗaga ta sama kaɗan. Da sababbin 'yan tsaki talatin suka iso, ka ce tunda karatu na iya, ga shafi: in sun taru ƙarƙashin fitila, sanyi suke ji, in sun manne da bango, zafi ya yi yawa, in sun bazu kowa yana harkarsa, in koma wa littafina. Ba ka taɓa cewa in daina karatu ba. Cewa ka yi in kawo kujerata kusa da su, duk ƙarshen shafi in ɗaga kai.

Da ka fara gina akurkin a tsakar gida, kai da kanka ka ce in riƙa karantawa da ƙarfi. Kana saran katako kana musu da mutanen cikin labarin. "Wai wannan saurayin ba shi da sana'a ne? Tun jiya yake tsaye bakin taga yana tunani!" Ranar da budurwar ta ƙi shi, ka ajiye zarto ka ce yarinyar tana da hankali. Tsakanin wannan dariyar ka koya mini riƙe guduma daga ƙarshen ƙota, ka nuna mini dalilin ɗora akurki a kan ƙafafu, da dalilin sa raga mai ƙananan idanu wadda ɓera ba zai ratsa ba. Bene dai ka hana ni, amma ka yarda na shafa shuɗin fenti, kana cewa kajin unguwa za su yi mana hassada.

Ƙofa ce kaɗai ta rage ka kwanta.

'Yan tsaki ba su san zaman makoki ba. Sun kai mako shida, ɗakin reno ya yi musu kaɗan, suna tsattsagar juna, suna tsallake bango. Muna can wajen karɓar gaisuwa muzuru ya ɗauke ɗaya, bayan biyu da na rasa tun suna ƙanana. Na ga aikinmu zai lalace a gaban idona, na je na faɗa wa Inna, matarka, ina jin nauyin kawo zancen kaji a irin wannan lokaci. Ta kunce makullin shagon daga bakin zaninta, ta ce, "Je ki, 'yata. In ya ji an bar aikinsa ba ƙofa, ba zai ji daɗi ba."

A bayan bencinka na sami ƙofar, ka riga ka haɗa ta, ka yi alama da fensir a duk inda ƙusa za ta shiga. Maigida ya riƙe, ni na buga. Na lanƙwasa ƙusa huɗu, na daki babban yatsana sau biyu, ƙofar kuma ta ɗan karkace, sai an ɗaga ta sakata take shiga. Na san abin da za ka ce, na kuma yi dariyar tun kafin ka faɗa. Muka kwashe 'yan tsakin zuwa akurkin ɗaya bayan ɗaya. Surukata, wadda tun rasuwarka ba ta fito tsakar gida ba, ta zo ta tsaya tana ƙirgawa da baki. Ashirin da bakwai. Ta shafa ragar, ta goge idonta, ta ce, "Amarya, in kin huta, ki yi mini irin zagayayyen nan. Ni ma ina son in gwada guda goma." Maigida bai jira an tambaye shi ba, ya ce mu haɗa mu sayo tare.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Yadda ka tausaya wa ƙananan halittu, ka rufa wa mai koyo asiri, Allah Ya tausaya maka, Ya sa Aljanna ce gidanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da surukata wadda ta rasa yaya, da maigidana, da duk wanda ya taɓa zama a bakin shagonka ya tashi da fara'a. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.