Yadda Goshina Ya Koma Ƙasa a Dubai

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasan cikin birnin Dubai bai daɗe da fara aiki ba, ɗiyata da mijinta suka aiko mini da biza. Mijin ɗan kasuwa ne, yana sayen kayan gini a unguwar Al Quoz yana loda su a kwantena zuwa Kano, gidansu kuma yana unguwar Hor Al Anz. Ni kuwa na yi ritaya daga aikin sufeton makarantu, gwiwoyina ma suka yi ritaya tare da ni. Na ɗauki shekaru ina salla a kan kujera. Limamin unguwarmu ya sha gaya mini cewa lalura ce, babu laifi, alhali na san wannan hukunci tun kafin a haife shi. Amma wanda ya saba kai goshinsa ƙasa tun yana yaro, ya koma yana sunkuyar da kai a iska, shi kaɗai ya san abin da ke ransa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ashe ɗiyata ta lura.

Bayan na huta gajiyar tafiya sai ta ce, "Baba, mun yi maka rajista a wani wurin kula da lafiyar dattawa, can bayan gari ta wajen duwatsu. Kwana kaɗan za ka yi. Shi zai raka ka, don sun ce kowane dattijo sai da mataimaki."

Wannan "shi" ɗin surukina take nufi. Tun ranar da ya auri ɗiyata bai taɓa kallon tsabar idona ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai kuma taɓa yarda kansa ya fi nawa bisa ba. In ina kan kujera, yana ƙasa. Ni ma ban taɓa kama sunansa ba, domin mijin 'yar fari ne. Alhaji nake ce masa. Haka muka tashi muka tarar, haka muke riƙe da shi.

Da na ji an ce kula da lafiya, likitoci na hango da fararen riguna. Saboda haka na sa babbar rigata mai aska takwas, na kafa hula, muka kama hanya.

Abin da na tarar ya sa na tsaya cak a bakin ƙofa. Wani makeken ɗaki ne, babu gado, babu likita, babu ko warin magani. Tabarmin roba ne shimfiɗe a jere. A kansu tsofaffi ne, Turawa da Indiyawa da Larabawa, kowa ba takalmi, cikin wandon 'yan ƙwallo. Wani dattijo mai farin gemu, wanda a garinmu da shi za a riƙa sasanta rigimar gado, ya dafa ƙasa da hannu biyu, kansa a ƙasa, mazaunansa suna kallon rufin ɗaki.

Na ce, "Alhaji, ina ka kawo ni?"

Ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Yoga ake ce masa, Baba. Wallahi ni ma a waya kawai na taɓa ganinsa. Ita ce ta tsara komai."

Malamar wurin ta iso, wata 'yar ƙaramar Ba'indiya da kanta ya yi fari fat. Daga baya na ji cewa ta girme ni. Ta haɗa tafukanta ta ɗan rusuna. Na gyara tsayuwa, na ɗauko Turancin da Turawa suka koya mana a midil, na shaida mata cewa ni Musulmi ne, ba na rusuna wa kowa sai Ubangijina, ba kuma zan rera abin da ban san ma'anarsa ba.

Ta yi murmushi ta ce, "Ranka ya daɗe, gwiwarka nake nema, imaninka yana hannunka. Ga ɗakin salla can. Kuma ba zan taɓa jikinka ba, na san al'adarku. Ai shi ya sa ka zo da ɗanka."

Ban gyara mata ba. Da wane bakin zan fara bayani?

Kwanakin farko a kan kujera na yi su, ina miƙe ƙafa ina lanƙwasawa, ina jan numfashi kamar wanda aka ce iska za ta ƙare. Babbar riga ta sauka bayan doguwar muhawara. Hula kam na ce sai dai a fasa. Abin mamaki, barcina ya daidaita, bayana ya saki, har na yi aboki, wani tsohon Balarabe mai barkwanci da ke ce mini, "Shwayya shwayya, habibi," wato sannu a hankali, masoyina, duk sanda na yi nishi.

Sai ranar da malamar ta ce kowa ya sauka kan tabarma. Na dafa kujera, na lallaba, na zauna. Aikin surukina shi ne ya tsaya a bayana ya riƙe ni ta hammata. Amma da ya ga ina ƙasa shi yana tsaye a kaina, sai ya durƙusa. Aka ce a kwanta rigingine, na kwanta. Bawan Allah ya duba ya ga har yanzu ya fi ni bisa, sai ya kwanta rub da ciki, ya manna kumatu da ƙasa. Malamar ta tafa masa, ta ce wa jama'a su dubi yadda ake sakin jiki.

Da aka ce a tashi, kowa ya tashi. Ni na yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa, na koma na faɗi ta gefe, hulata ta cire ta yi ta gangarawa har gaban wata Baturiya. Sanƙon da ko abokan aikina ba su taɓa gani ba ya bayyana ga ƙasashen duniya. Ni da ƙarar motata kawai ke sa hedimastoci su miƙe tsaye, ga ni ina wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka birkice.

Malamar ta ce, "Ɗaga babanka mana."

Surukina yana durƙushe, gumi yana zuba. "Sannu, Baba. Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Balaraben nan ya ce, "Yalla, yi maza, ɗauke shi! Addu'a ka zo yi?"

"Sannu, Baba," in ji shi kuma. Bai iya kai hannu jikina ba. Kunya ta ɗaure shi kamar yadda ciwo ya ɗaure ni.

Ina kwance na yi lissafin da ya fi kowane wuya a rayuwata. In na bari wani baƙo ya ɗaga ni, zan koma kujerata, ba kuma zan sake yarda in sauka ba har abada. Goshina da ƙasa sun yi bankwana ke nan. Sai na buɗe baki na kira shi da sunansa na yanka, na ce, "Kama ni."

Ya zabura kamar wanda kunama ta harba. Kafin in ƙifta ido ya rungumo ni ta baya ya tsayar da ni. Muka tsaya, kowa yana kallon wani bango daban.

Daga ranar aiki ya kankama. Malamar ta nuna mana yadda zan sa hannuwa ƙasa kafin gwiwa, in ɗora nauyina a kansu, da matashin kai a ƙarƙashin gwiwa, shi kuma yana tallafe da ni. Ba zan yi ƙarya in ce na baro wurin ina tsalle ba. Mun ci gaba da yi a falon gidansu makonni da dama, ɗiyata tana leƙe daga kicin tana toshe baki.

Wata la'asar muka tafi masallacin unguwa. Ya ɗauko kujerar naɗewa kamar kullum, ya buɗe ta a ƙarshen sahu. Na ce, "Jingine ta, Alhaji." Na shiga tsakiyar sahu, ya tsaya a gefena kafaɗa da kafaɗa, domin nan ne kaɗai wurin da suruki ba ya ja da baya. Liman ya yi kabbara, na sa hannu, na sa gwiwa, goshina ya sauka a kan darduma. Na ji sanyinta, na ji ƙamshin turaren da ke jikinta. Tasbihin da na yi shekaru ina yi a iska, ranar a ƙasa na yi shi. Da aka ɗago, kafaɗarsa na dafa.

Bayan sallama ya ja baya ya durƙusa. "Baba, kujerar fa?"

"Bar ta nan. Wani zai buƙace ta."

Yau gwiwoyin sun ƙara tsufa. Wata rana ina kai goshi ƙasa, wata rana in nemi kujera, ban kuma daina miƙe-miƙen nan da safe ba, sai dai ina rufe ƙofa. Abin da na fahimta shi ne, girman da na riƙe ya kusa hana ni sujada fiye da yadda ciwo ya hana ni. Duk dattijon da 'ya'yansa suka kai irin wannan wuri, shawarata ita ce ya je, ya faɗi sharaɗinsa a fili, ya kuma yarda a kama shi.

Surukina har gobe durƙusawa yake yi in zai gaishe ni, ni kuma na koma ce masa Alhaji. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ɗiyata ce ta gaya mini, bayan shekaru, cewa ranar da muka dawo daga wurin ya zauna a bakin gado ya dube ta ya ce, "Ashe Baba ya san sunana."